Asibitin da ba sa rubuta "maleriya da taifot" sai da hujja

Akwai wani ƙaramin asibitin kuɗi a nan Gombe ta ɓangaren Tumfure da na daɗe ina so inyi magana akanshi, suna kam bazan kama ba don mai daɗi da mara daɗi duk zan faɗa, kar ace biyana akayi ko turo ni akayi in ɓata wa wani kasuwa. Gida ne aka mayar asibiti, ɗakin ganin likita biyu, ɗan lab a baya, famasi a bakin ƙofa, sai gadajen kwantarwa kaɗan. In gini kake nema mai tayil da AC toh ba nan bane. Abinda yasa nake kai iyalina can guda ɗaya ne, babban likitan wurin baya karɓar magana ba hujja, ko daga bakinka ta fito ko daga takardar lab, kuma wannan halin nashi shine abinda wasu ke yaba mishi shine kuma yasa wasu suka rantse ba za su sake taka wurin ba.

Kowa dai yasan yadda muke yi. Jiki yayi zafi, kai na sarawa, gaɓoɓi na ciwo, baki ba ɗanɗano, ka faɗa kemis ɗin unguwa tun baka gama bayani ba ance maleriya da taifot ne, a haɗa maka allurar kwana uku da kwalin maganin maleriya da antibayotik ɗin nan sifro, a ɗora maka maganin ƙarin jini akai. In ka ɗan matsa a tura ka tes, takarda ta dawo da fulos ɗaya a wajen maleriya da gwajin taifot na Widal 1/160, shikenan an yanke shari'a ba ɗaukaka ƙara.

A can ba haka bane. Da muka kai yarona mai shekara huɗu, mamanshi tun a cikin keke ta gama yanke hukunci, muna zama tace "Dakta maleriya ce, jikinshi zafi rau tun jiya, abinci ma ya ƙi." Yace "zai iya yiwuwa Maman yaro, amma in tambaye ki, in anyi ruwan sama ƙofar gida tana jiƙewa ko?" tace eh mana. Yace "toh in kin fito da safe kinga ƙofar gida a jiƙe dole ruwan sama akayi? A Gombe fa muke, ba mamaki tankar ruwa ce ta wuce tana yoyo." Ni dariya nayi, ita kam bata yi ba. Amma maganar kenan gaba ɗaya, mai maleriya yana zazzaɓi, wannan gaskiya ne, amma ba a juya ta ace mai zazzaɓi yana da maleriya, don abubuwan da ke kawo zazzaɓi suna da yawa, ciwon kunne, ciwon maƙogwaro, limoniya, ƙyanda, ciwon mafitsara, mura ma kanta. Aka huda yatsan yaro akayi gwajin nan na tsinke mai nuna layi, minti 15 zuwa 20 ya fito negetif, sai likitan ya haska kunnenshi da ɗan tocilan ɗinsu, kunnen dama yayi ja ya kumbura daga ciki. Ashe shi yasa yaron ke ta jan kunne da daddare mu kuma muna cewa rigima ce.

Kuma fa ba ƙirƙirarshi bane, tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya tace a riƙa tabbatar da maleriya da gwaji kafin a bada magani. Abinda yasa hasashen kemis ya daɗe yana ci shine sau tari yana dacewa, Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, toh a watan Agusta ko Satumba da sauro yayi yawa in ka rufe ido kace maleriya ce za ka dace da yawa. Likitan ma bai musa wannan ba, ya taɓa ce min lokacin shekara shima hujja ne, yaron da yazo da zazzaɓi tsakiyar damina daga Dadin Kowa bakin ruwa da wanda yazo a watan Maris rana na ƙuna ba iri ɗaya yake fara tunani akansu ba, na biyun sai ya lanƙwasa wuyanshi ya gani saboda sanƙarau, ya duba jiki ko akwai ƙuraje. Kuma a rani in zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya ya ƙi jin antibayotik zai tambaye ka daga ina ka taso, akwai ɓeraye a ɗakin ajiyar abinci, saboda Lassa, maƙwabciyarmu Bauchi tana cikin jihohin da suka fi fama da ita.

Wani abu da ya burge ni, da tes ya fito negetif bai ce mana lafiya lau ku tafi ba. Yace tes bai ga maleriya ba daban, yaro lafiyarshi ƙalau daban. In ƙwayar cutar bata yi yawa a jini ba tsinken yana iya kasa kamawa, don haka in zazzaɓin bai sauka ba nan da kwana biyu a dawo a sake, wannan karon da madubin lab. Haka kuma ɗaya gefen, ƙanena da ya gama shan magani ya je wani wuri ya sake tes bayan sati ya ga layi biyu ya zo hankali tashe wai maganin jabu aka sayar mishi, mai lab ɗin asibitin namu ya zaunar dashi yace abinda tsinken ke ganowa wani sinadari ne da ƙwayar cutar ke bari a jini, kuma yana iya yin makonni bai ɓace ba ko bayan cutar ta mutu. Aka duba da madubi ba komai, shima garau yake, ba a sayar mishi ko farasitamol ba.

Amma inda gizo ke saƙar shine maganar Widal, nan ne suke rasa kwastoma wallahi. Mutum zai zo da takardarshi a hannu daga wani lab, 1/160 an ja layi da jan biro, yazo ne kawai a rubuta mishi allurar taifot, likitan ya karɓa ya duba ya ajiye gefe ya fara tambaya, kwana nawa da fara zazzaɓin, kullum ƙaruwa yake ko zuwa yake yana tafiya, ciki fa, gudawa kake ko bayan gidan ne ya ƙi fita, wane ruwa kuke sha a gida. Nan take ran mutum zai ɓaci. Bayanin da yayi min, kuma na bi na tabbatar, shine gwajin nan tsoho ne sosai, wani likitan Faransa mai suna Widal ya fito dashi tun 1896, kuma ba ƙwayar taifot ɗin yake gani ba, garkuwar da jiki ya taɓa haɗawa don yaƙarta yake aunawa. Toh mu da muka tashi da ruwan rijiya da na 'yan garuwa da abincin bakin hanya, jikin da yawanmu ya taɓa gamuwa da ita ko danginta tun muna yara, garkuwar tana nan a jini ko lafiyarka ƙalau. Maleriya ma kanta tana iya sa lambar ta hau, kaga inda tagwayen nan "maleriya da taifot" suka samo asali kenan a takardu da yawa.

Bari inyi lissafi a fili, lambobin ni na ƙaga su don misali kawai. Ace mutum 100 sun zo da zazzaɓi, 5 ne ke da taifot na gaske. Ace gwajin ya kama 4 cikin biyar ɗin nan, yayi ƙoƙari. Ace kuma cikin 95 da basu dashi yana nuna fozitif ga mutum ɗaya cikin kowane biyar, mutum 19 kenan. Yanzu masu yawo da takardar taifot a aljihu sun zama 23, na gaske a cikinsu 4 ne kacal, sauran 19 za su sha sifro ko a danna musu allura a banza, ciwon da ke damunsu na asali kuma ba wanda ya neme shi. Tambayar "in kana da taifot tes zai nuna?" daban, tambayar "tunda tes ya nuna toh kana da taifot?" daban, mu kuma mun haɗe su wuri ɗaya.

Ba wai baya yarda akwai taifot bane, akwai shi kuma yana kisa, in aka bar shi makonni har hanji yake hudawa sai an shiga tiyata. In alamomin sun jeru yana fara magani ba jira. Gwajin da yafi tabbatarwa shine a ɗebi jini a raini ƙwayar cutar a lab na 'yan kwanaki, su basu da kayan wannan, sai su tura ka babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Tarayya, kuma basa ɓoye maka cewa basu dashi, wannan na yaba. Dalilin da yasa yake rowar antibayotik kuwa, ƙwayoyin cuta suna sabawa da magani in anyi ta shan shi barkatai, tun 2016 a lardin Sindh na Fakistan aka samu taifot ɗin da ya daina jin sifro da mafi yawan magungunan da aka saba dasu. Mu ma ai munga yadda kulorokwin ya ƙare, har a 2005 aka sauke shi daga matsayin maganin farko na maleriya a ƙasar nan.

Sai Goggona, yayar mahaifina, mai hawan jini. Ita rigimarta daban ce. An ɗora ta akan ƙwaya, ta sha na wani lokaci, aka auna akaga jini ya sauka sai ta ajiye magani ta koma wani jiƙo da ta saya wajen masu motar nan da lasifika a kasuwa, wai ai ta warke kuma jiƙon ne ya ƙarasa aikin tunda bayan ta fara shi kanta ya daina ciwo. Na ɗauka zai yi mata faɗa, sai naji yace "Hajiya, ranar da aka auna akaga ya sauka, kina kan ƙwayar ko kin bari?" tace "ina kai ɗan nan." Yace "toh wa ya saukar dashi?" Tayi shiru tana gyara mayafi. Ya sa ta zauna ta huta minti biyar kafin a auna, ya haura 140 bisa 90 nesa ba kusa ba, duk da haka yace a dawo wata rana a sake don awo ɗaya baya isa, wani ganin likita kaɗai ke ɗaga mishi jini. Ya kuma gaya mata hawan jini yawanci baya nuna alama, rashin ciwon kai ba shedar komai bane.

Wannan na "bayan na sha na warke, kenan shi ya warkar dani" shine yafi kowanne kama mu, har da masu digiri. Mura da kanta take tafiya cikin kwana 7 zuwa 10, ƙwayar bairos ce antibayotik baya taɓa ta, amma in ka sha kafso a kwana na biyar ka miƙe a na bakwai ai kafso ya ci yabo har ka riƙa tallata shi a majalisa. Su kuma masu lasifika ka lura da salon maganarsu, in ka sha ka yi gudawa ance cutar ce ke fita, in baka yi ba ance cutar ta yi ƙarfi sai ka ƙara gora ɗaya, in ka ji sauƙi magani yayi aiki, in jiki ya rikice ance ka makara. Toh yaushe ne maganin zai taɓa faɗuwa jarrabawa? Ba ranar. Sannan masu bada sheda da ake sakawa a lasifika waɗanda suka ji daɗi ne kawai, wanda ƙodarshi ta lalace yana kwance ba wanda zai kai mishi makirfo.

Duk da haka bai zagi maganin gargajiya ba, kuma inaga shi yasa Goggo ta saurare shi. Ce mata yayi maganin maleriyan da muke sha yanzu ma daga ganye aka ciro shi, wani tsiro dangin tazargade, wata masaniya 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar da sinadarin a farkon shekarun 1970 har ta samu kyautar Nobel a 2015, bambancin kawai shi an gwada shi akan mutane an kwatanta da waɗanda basu sha ba, an san awonshi an san illarshi. Da na ba Baffa labari, shi da yayi karatun zaure, cewa yayi wannan ai manɗiƙi ne likitan naku yake yi da kayan bature, ya kawo min zancen Abubakar al-Razi likitan Bagadaza da ya rarrabe agana da ƙyanda fiye da shekara dubu da suka wuce alhali duka biyun zazzaɓi ne da ƙuraje. Baffa dai in ka bashi dama sai la'asar.

Wata rana a layi naji wata mata tana roƙon sista kar a sa wa mahaifinta oksijin, wai duk wanda taga an sa wa baya tashi. Sistar tace "Yaya, wa kika taɓa gani an sa wa oksijin yana zaune yana cin ƙosai? Sai wanda numfashi ya riga ya gagara ake sa wa, ciwon ne ya kawo oksijin ɗin, ba oksijin ne ya kawo ciwon ba." Naji daɗin wannan don ya nuna abin ya ɗan sauka har kan ma'aikata. Haka maganar allura, mu a wajenmu in ba a tsira maka allura ba ba a yi maka aiki ba, su kuma allurar maleriya sai ga wanda ta yi wa tsanani ko mai aman da ƙwaya bata zama, sauran ƙwaya ce sau shida cikin kwana uku, ta biyu bayan awa 8 da ta farko, a sha da abinci mai ɗan maiƙo ko madara, kuma mai famasin sai ta sa ka maimaita mata kafin ta miƙo.

Toh yanzu mara daɗin. Jira, jira, jira. Mutumin da zai tsaya yi wa kowa bayanin tankar ruwa ai layi baya tafiya, benci biyu ne a baranda, in rana ta juyo sai dai ka koma gindin dalbejiya a waje, in an ɗauke wuta kuma fanka sai an ga dama ake tada janareto don solar tasu lab da firij kawai take riƙewa. Mai bada kati fuskarta kullum a haɗe kamar bashi ka zo ci, fayil ɗinmu ya taɓa ɓata sai da aka buɗe sabo kuma aka so in sake biya, sai da nayi magana. Banɗaki ɗaya ne maza da mata, wannan ba uzuri. Likita mace babu, matan da basa son namiji ya duba su sai haƙuri ko su nemi wani wurin. Magani a famasinsu yafi na kasuwa tsada, amma in ka ce a baka takarda ka saya a waje suna bayarwa ba ɓacin rai. Da na tambaya basa cikin GoHealth, tsarin inshorar lafiya na jihar Gombe, daga aljihu ne, ana karɓar taransifa in netwok ya yarda.

Babban ƙorafina kuwa likitan dare. Duk abinda na faɗa a sama na mutum ɗaya ne da waɗanda ya horar, in ka zo bayan isha'i ka samu wanda ake ɗaukowa ya riƙe musu dare toh kemis ka zo mai tsada, na taɓa kai matata ko minti uku ba a yi ba ya cika takarda da tes har da Widal ɗin da mai gidanshi ke ajiyewa gefe. Kuma tunda su suka koya min tambaya bari in juya musu ita, asibitin da lab ɗin nashi ne, duk tes ɗin da aka rubuta kuɗi ne ya shigo, toh kai ma kana da damar cewa "Dakta in wannan ya fito fozitif me za a yi, in ya fito negetif me za a yi?" In amsar ɗaya ce tes ɗin bashi da amfani a gare ka. Na rana yana amsawa da fara'a, wani lokacin ma ya soke da kanshi. Na dare kallon raini ya bini dashi.

Shi na ranan ma yana da nashi, in bayani ya ɗebe shi sai ya zarce da turanci, tsoho yana gyaɗa kai bai gane komai ba, kuma akwai ranar da mutum ciwo ya ishe shi ba darasi yake so ba. Amma in abu na gaggawa ne bana ganin yana ɓata lokaci, yaro mai jijjiga, ko wanda wuyanshi ya sandare, ko ya kasa sha ya kasa kama nono, ko amai ba tsayawa, nan take ake tsallake layi a bashi taimakon farko, in yafi ƙarfinsu a rubuta takarda a tura gaba. Irin wannan ma ni shawarata kar ka tsaya a ƙaramin asibiti, wuce babba kai tsaye.

In maki ake bayarwa, likitan rana da lab huɗu cikin biyar, dare da wajen kati biyu ma don Allah. Mai son zuwa ya je da sassafe ranar Talata zuwa Alhamis, Litinin cika yake. Ka tafi da kwalayen duk maganin da aka riga aka sha, har gorar jiƙon in akwai, don sai ya tambaya kuma "wata fara ce ƙarama" ba amsa bace a wajenshi. In ka bada farasitamol kafin ku fito ka riƙe lokacin a kai, zai tambaye ka ƙarfe nawa.